Akwatin Ƙarfe da Man Kaɗen Kaka

Takardar makarantar kwana ta ce kowane ɗalibi ya zo da akwatin ƙarfe baƙi, mai makulli, marar tsatsa. A tsakar gida na karanta wannan layin, na mayar wa mutanen gida da shi Hausa. Kaka tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce ai magana ta ƙare, akwati yana nan ƙarƙashin gadonta tun kafin a haifi uwata.

A unguwar Nima muke, a gidan kakata ta wajen uwa, gida mai ɗakuna jere da 'yan haya Zabarmawa da Dagomba da Kotokoli, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Ni ne na farko a gidan da zai tafi sakandare ta kwana, a wani gari na bakin teku. Shekarun nan kaya sun yi wuya a shaguna, sabon akwati ba abin da za a kawo maganarsa ba ne. Babana kuwa direban babbar mota ne, yana can hanyar arewa. Saboda haka na durƙusa na jawo akwatin Kaka zuwa haske.

Kakana ne ya zo da shi daga Kano zamanin da yake fataucin goro. Tun daga nan duk wanda zai yi doguwar tafiya a gidanmu da shi yake tafiya, kuma kafin ya fita sai an yi masa sabon fenti a kan tsohon. An yi masa kore da kakana zai tafi Makka. An yi shuɗi da innata, 'yar'uwar mahaifiyata, ta koma Kumasi. Na ƙarshe rawaya ne, na tafiyar kawuna Legas. Ba wanda ya taɓa kankare na ƙasa, tsatsa kuwa tana ta aikinta a ɓoye, har fentin ya kumbura ya yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. In ka danna da yatsa sai ya fashe, jan gari ya zubo.

Na riga na ji labari daga waɗanda suka riga ni cewa a bakin ƙofar makaranta ake duba akwatuna, malamin ɗakin kwana yana iya cewa a koma da wanda bai yi masa ba. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali, manyan ɗalibai suna tsaye a gefe suna kallo, duk wanda ya zo da abin dariya a ranar ake raɗa masa suna, kuma da sunan zai gama makaranta. Ni kuwa ko da sunana na gaskiya aka kira ni a cikin mutane sai zufa ta karyo mini. Na tsaya ina kallon akwatin nan mai rawaya ina jin irin sunayen da zai jawo mini.

Kaka ta ce a sayo baƙin fenti a shafa, kamar yadda aka saba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana wanke hannu a bakin famfo, ya ce a'a. Fenti ba ya zama a kan tsatsa, in ji shi, sai an kai ƙarfe ga asalinsa. Ya ce a ba shi akwatin ya buga masa yashi.

Kawu ya dawo daga Legas ne a shekarar da aka koro baƙi daga can, har da mutanen ƙasarmu, da wannan akwatin a ka, ba komai a ciki sai riga biyu da tabarau na aiki. Abin da ya samo a can sana'a ce. A tashar jiragen ruwa ya koyi yadda ake fesa yashi da iska mai ƙarfi a jikin ƙarfe, yashin ya cinye tsatsa da tsohon fenti, ya bar ƙarfen tas, da ɗan kaushi wanda sabon fenti zai kama. Da ya dawo sai ya haɗa nasa injin a unguwar Maamobi, bayan rumfar wasu makanikai, tsallaken babbar kwatar nan da ta raba unguwarmu da tasu. Injin iskar mataccen injin wani mai facin taya ne da aka tayar. Tukunyar yashin tsohuwar tukunyar gas ce da aka huda. Bakin mesar kuwa, inda yashi ke fita, farin tangaran ne na tsohon fulogin mota, don ya ce ƙarfe ba ya jure yashi amma tangaran yana daurewa. Hularsa buhun fulawa ne da ya yanka wa taga ya liƙa gilashi. In ya sa ta, yaran unguwa sukan bi shi daga nesa suna ihu, shi kuwa yana tafiya a hankali kamar wanda zai shiga ƙarƙashin teku.

Yana samun aiki jifa-jifa: jikin trotro, wato motar haya, kafin a yi masa fenti, ƙofar ƙarfe, gadon ƙarfe na amare. Kaka ba ta taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba. Takan ce ta haifi ɗa ta aika shi Legas, ya dawo yana watsa wa mutane ƙasa ana biyansa.

Ni aka ba aikin yashi, tunda akwatina ne. Kawu ya ce kada in kuskura in kawo masa yashin bakin teku, ko da kyauta ne, don gishirin da ke ciki zai koma jikin ƙarfe ya haifi wata tsatsar. Na rafi yake so, busasshe, tankaɗaɗɗe. Na samo a wajen masu gini a unguwar Alajo, na shanya a kan buhunan siminti, na tankaɗe da rariyar mahaifiyata ba tare da na faɗa mata ba. Wannan aikin ya dace da ni, ba ya bukatar magana da kowa. Na tankaɗe, na sake tankaɗewa, har Kawu ya damƙi yashin ya murza ya ce, "Ɗan boko, wannan ai tuwo za a tuƙa da shi." Mma, wato mahaifiyata, ta gano abin da aka yi da rariyarta daga baya, da kokon safe ya fara ƙaras-ƙaras a haƙori, amma wannan wata magana ce.

Ranar da aka buga wa akwatin yashi na tsaya nesa kamar yadda aka ce mini, da tsumma a hanci. Injin ya yi tari ya kama, mesar ta miƙe, sai ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Duk inda Kawu ya nuna bakin mesar sai rawaya ta tashi, shuɗi ya leƙo ya tafi, kore ya biyo baya, a ƙarƙashinsa kuma ga wani baƙi da ba wanda ya san da shi, na kamfanin da ya ƙera akwatin. Kawu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hannunsa yana kai da kawowa a hankali, a ɗan karkace, kamar mai ban ruwa a lambu. Daga baya ya ce mini in ka tsaya wuri ɗaya a kan ƙarfe marar kauri, yashi ba ya sanin inda tsatsa ta ƙare ƙarfe ya fara.

Da ƙura ta kwanta sai ga akwatin ya fito toka-toka, ba ƙyalli, kamar sabon abu da ba a gama halittarsa ba. Na miƙa hannu zan taɓa, Kawu ya buge mini hannun. Ya ce ƙarfe a yanzu tsirara yake, ko zufar yatsa tana bar masa tabo. Kada ruwa ya taɓa shi, kada mai ya taɓa shi, kada hannu ya taɓa shi, sai an shafa masa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa. Sai a lokacin ya tuna cewa jan fentin nasa ya ƙare a ƙofar wani Alhaji. Ya ce zai je unguwar Lagos Town, nan kusa da mu, ya samo, in kai akwatin gida in ajiye a inuwa, don rumfar makanikan ba ta da ƙofa. Muka naɗe hannuwa da takardar buhun siminti muka ɗauko shi, muka tsallaka kwata, mutane suna tambaya ko gawa ce.

Na ajiye shi a barandar Kaka a kan bulo biyu. Aka kira la'asar, na tafi masallaci. Daga can na biya wajen wani abokina na karɓo littafin da ya ara, ban daɗe ba.

Ina shigowa na ga ruwan kumfa yana bin tsakar gida. Kaka tana tsaye a kan akwatin, ta ɗaure zani a ƙirji, soso a hannu, ga sabulun salo a kwano, tana zuba ruwan ɗauraya na ƙarshe. Ta ce mini wane irin aiki ne wannan, a kawo mata kaya gida duk ƙura, yashi a kowane lungu, a ce mijinta zai sa fararen rigunansa a ciki. Haka take kirana tun ina jariri, mijinta ko maigidanta, kamar yadda kakanni ke wasa da jikoki. Ta kife akwatin ya tsane, ta ce in duba yadda ya yi kyau.

Ya yi kyau kuwa, na ɗan lokaci. Kafin magariba wani ja-ja ya fara bayyana a gefuna. Da safe akwatin duka ya koma kalar manja, kamar an barbaɗa masa garin barkono.

Kawu ya zo da gwangwanin jan fenti a hannu yana fito, ya tsaya a bakin baranda, fiton ya yanke. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya tambaye ni da Hausarsa ta Zongo, wadda Kaka ta gaji da gyarawa, "Inna ne ya wanke shi?" Kaka ta amsa daga cikin ɗaki cewa ita ce ta wanke, kuma ga abin da yashinsa ya jawo: akwatin da ya yi shekaru bai taɓa yin ja haka ba, yini ɗaya a hannunsa ya kamu da ciwo. Kawu mutum ne da ke iya yi wa direban trotro tsawa a tsakiyar titi, amma a gaban uwarsa bai wuce ya sosa ƙeya ba. Ya yi mata bayani a hankali cewa ruwa ne ya kawo tsatsar. Ta ce ta ji, ba za ta ƙara sa masa ruwa ba.

Muka sake tsallaka kwata. Na sake tankaɗe yashi, wannan karon da rariyar da Mma ta ce in riƙe gaba ɗaya tunda na riga na kashe ta. Tsatsar sabuwa ce, ba ta yi zurfi ba, nan da nan ta tashi. Kawu ya buɗe gwangwanin jan fenti, sai ya tarar ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ga shi ba shi da abin tsinka shi. Hadari kuma ya haɗu ta gabas, rumfar tana yoyo. Ya ce in kai akwatin gida, in zauna kusa da shi, kada in je ko'ina, yanzu zai dawo. Ya ƙara da cewa, "Kana da baki, ɗan boko. Ba karatu kaɗai aka yi shi don shi ba."

Na zauna kusa da akwatin a baranda da littafina a cinya. Ruwan bai sauko ba, ya yi ta barazana kawai. Can sai Kaka ta fito da ɗan kwanonta na man kaɗe, wanda take shafa wa jarirai bayan wanka, da faso, da ƙyauren da ke kuka, da duk wani abu a duniya da ya nuna alamar gajiya. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a ɗaya gefen akwatin. Ta ce tunda ruwa ne ke cutar da shi, ai maganin ruwa mai ne, kowa ya san haka. Wuƙaƙenta da take shafa wa mai ba su taɓa tsatsa ba.

Na rufe littafin. Na shirya maganata tsaf a zuciya, da dalili da misali, yadda nake shirya amsar jarrabawa: fenti ba ya kama inda mai ya taɓa, Kawu ya faɗa, kuma lokacin tafiya ya matso. Ta lakato mai da yatsu uku ta murza a tafin hannu.

Na ce, "Kaka."

Ta ce, "Na'am, maigidana."

Ta ɗago tana kallona da murmushi, hannunta yana sheƙi. Sai na ji bakina ya ce, "Sannu da aiki."

Ta ce yauwa, Allah ya yi albarka. Ta shafe akwatin ciki da waje, har ƙarƙashin marfi, har cikin 'yan kunnuwan da ake kamawa a ɗauka, tana yi tana ba ni labarin yadda ta shafe shi da kakana zai tafi Makka, a kan koren fentin, don kada iskar teku ta ci shi a jirgin ruwa. Har riƙe mata marfin na yi.

Kawu bai yi faɗa ba da ya dawo. Ya gwada ɗigon jan fenti a gefe ɗaya, fentin ya tattare ya zama 'yan ƙwallaye ya gangara, kamar ruwa a bayan agwagwa. Ya zauna a kan bulo. Sannan ya kife akwatin ya ƙwanƙwasa gindinsa da bayan yatsa, nan da can, yana sauraro. Ya ɗaga shi sama wajen haske ya ce in leƙa. A kusurwa ɗaya na ga haske yana shigowa ta 'yan ƙananan huji kamar na allura.

Ya ce kowane bugun yashi yana tafiya da ɗan ƙarfe, kuma akwatin nan tsatsa ta riga ta ci rabonta tun kafin a haife ni. Hujin nan za a iya toshe su da dalma. Man kuma za a wanke shi da fetur, amma ya shiga cikin kaushin ƙarfen, dole a sake bi da yashi sama-sama. Sau ɗaya ya rage, in ji shi. In aka ƙara bayan wannan, sai dai in tafi makaranta da rariya, in ya so in tankaɗe musu gari.

Tafiya kuwa saura 'yan kwanaki. Mma ta riga ta soya shito, miyar barkonon nan, ta zuba a kwalba, ta auna garin rogo, telan lungunmu ya kawo fararen riguna, suna rataye a ƙusa ba inda za a sa su.

Wannan karon Kawu ya shirya komai tukuna. Ya tsinka fenti ya gwada a kan guntun ƙarfe, ya wanke buroshi, ya sa mai gyaran lagireto ya toshe hujin. Ya ce a rumfa za a yi komai a gama, akwatin ba zai ga Nima ba sai yana sanye da riga. Muka fita da shi da safe lokacin da Kaka take wanka, muna tafiya a kan yatsu kamar ɓarayi. Mun manta cewa a gidan haya ba a fitar da ko tsintsiya ba a kai rahoto ba.

Kawu yana cikin hularsa, injin yana ruri, ya kusa gamawa, sai na hango Kaka. Ta hau 'yar gadar katakon da ke kan kwata, wadda ta yi shekaru tana cewa ba za ta taka ba, tana tafe a hankali da mayafinta na zuwa suna, hannu ɗaya a ɓoye a ƙarƙashinsa. Makanikan suka miƙe suna gaishe ta, wani da Hausa, wani da yaren Twi, aka goge mata benci. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana kallon ɗanta a cikin buhun fulawa, karo na farko da ta ga aikinsa da idonta. Na ga ta ɗan ja da baya da yashin ya yi tsalle, na kuma ga ba ta ɗauke ido ba.

Kawu ya rufe mesa, ya hure ƙurar da iska zalla, ya ɗaga hular. Da ya ga uwarsa sai fuskarsa ta yi irin ta yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya gaishe ta. Ya ce bari ya je ya kashe injin, wanda yake can bayan rumfa, ya tafi da sauri fiye da yadda kashe inji ke bukata. A gaban makanikai ba zai ce wa uwarsa kada ta yi ba. Ya bar ni da ita da akwatin.

Ta fito da kwanon man kaɗe daga mayafi.

Ban shirya komai ba a wannan karon. Na tsinci kaina tsaye tsakaninta da akwatin, makanikai suna kallo. Ta ce in matsa. Na ce mata in mai ya taɓa shi yau, ba ni da akwati, in ba ni da akwati za a mayar da ni daga bakin ƙofa. Muryata ta fito siririya, amma ta fito.

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Yau kuma maigidana ya yi baki." Makanikai suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce, "Ba wanda ya taɓa fita da akwatin nan ban sa masa hannu ba. Kakanka ya je ya dawo. Innarka tana zuwa duk sallah. Wancan mai buhun ma ya dawo, ko da ba komai a ciki."

Sai a nan na gane cewa ba tsatsa take tsoro ba. Ta ga 'ya'yan maƙwabta da suka tafi makarantar kwana, suka dawo hutu suna amsa gaisuwa da Turanci, daga baya suka kama ɗaki a wata unguwa ba a ƙara ganinsu a lungu sai a jana'iza.

Gwangwanin jan fenti yana ƙasa kusa da ƙafata, buroshi a kwance a kansa. Na ɗauka na tsoma na miƙa mata. Na ce in dai hannu ne, ga wannan, shi ma shafawa ake yi, kuma Kawu ya ce na farkon nan shi ne wanda ke manne da ƙarfe har abada, duk wanda zai biyo baya a kansa zai hau.

Ta dubi buroshin. Ta ce wari yake yi. Na ce haka ne. Ta ajiye kwanon man a kan benci, ta sa wani makanike ya zuba mata ruwa da omo ta wanke hannu, don na ce mata ko ɗan man da ke yatsunta ma matsala ne, ta harare ni amma ta wanke. Ta naɗe mayafi a kugu ta karɓi buroshin.

Da Kawu ya leƙo daga bayan rumfa, injin ya daɗe da mutuwa, ya tarar da uwarsa a tsugune tana yi wa akwatin jan fenti. Ba ta bi layi kamar masu sana'a ba, zagaye take yi, yadda take shafa wa jariri mai a baya. Ya matso zai gyara mata riƙo, ta ce ya koma ya ci gaba da watsa ƙasarsa. Ya tsaya a gefe yana nuna mata da baki inda ta tsallake, tana cewa ta gani. Bakinta yana motsi a hankali duk tsawon aikin, na san addu'a ce, na yi kamar ban lura ba. Da ta gama ta miƙe da ƙyar, ta dubi ƙarfen ƙofar da ke jingine wadda Kawu ya buga wa yashi rabi, gefe ɗaya ja da tsatsa, gefe ɗaya toka-toka tas. Ta ce ashe dai abin yana fita. Ban taɓa jin ta yaba wa sana'arsa da ya wuce wannan ba, shi kuwa ya yi mako yana maimaita wa mutane.

Baƙin fenti Kawu ne ya yi da kansa bayan jan ya bushe, ya zana 'yan jajayen siffofin jinjirin wata a jiki kamar na shago, ni kuma na rubuta sunana da farin fenti, na auna kowane harafi da rula. A bakin ƙofar makaranta malamin ya ƙwanƙwasa akwatin da sanda, ya buɗe ya rufe, ya ce na gaba. Manyan ɗalibai ba su ko dube shi ba. Sunan da suka raɗa mini daga baya na kunnuwana ne, ba ruwan akwati.

Ana tsakiyar zangon farko, ina neman safa, na lura fentin cikin marfi ya ɗago a kusurwa ɗaya. Na taɓa, ya ɓare ya faɗo, baƙin da jan duka, ya bar wuri kamar faɗin yatsu uku. Na kai hanci. Man kaɗe ne. Na yi ta tunanin yaushe ta yi, tunda ina tsaye a kanta, sai na tuna lokacin da ta aike ni in matso mata da benci.

Da na zo hutu na nuna wa Kawu. Ya ce ai ga shi nan, ya faɗa, fenti ba ya zama a kan mai. Kaka ta sa na kawo mata akwatin baranda, ta leƙa, ta ce a nuna mata tsatsa a wurin in akwai. Babu kuwa. Kawu ya ce a ba shi ya goge ya taɓa da fenti, abin minti kaɗan ne. Na ce a bar shi haka. Ranar da zan koma ta buɗe marfin, ta lakato mai ta ƙara a wurin, ta rufe, ta ce mijinta ya gaishe mata da malamai. Haka ta yi ta yi duk ƙarshen hutu har na gama makaranta, kuma rigar da nake ajiyewa a saman kayan akwatin kullum tana zuwa da ɗan tabon mai a kafaɗa, wanda omo ba ya fitarwa.